Yadda Ake Tsara Kare Mazaunin Tsuntsaye a Fadamar Haɗeja da Nguru

Idan aka ɗora wa mutum aikin kare tsuntsayen daji, abin da ke fara zuwa masa shi ne a keɓe tabki guda, a kafa allo, a ɗauki masu gadi. An yi haka a Dagona da Baturiya, wurare biyu a cikin wannan fadama, kuma ba laifi ba ne. Sai dai agwagwar da ta wuni a tabkin Dagona, da dare takan tashi kiwo zuwa gonakin shinkafa na wasu garuruwa, ruwan da take iyo a ciki kuma daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos ya gangaro. Mai gadi ba shi da iko da ko ɗaya daga cikin biyun. Shi ya sa ake tsara aikin a kan yanki gaba ɗaya, kuma ga yadda ake bi.

Da farko, a zana taswirar ruwa kafin a zana iyakar gandu. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne ke malala su cika wannan fadama da ta ratsa Jigawa da Yobe, sannan su haɗu su zama Komadugu Yobe da ke nufar Tafkin Chadi. A samo hotunan tauraron ɗan Adam na watan Oktoba, lokacin da ruwa ya gama shimfiɗuwa, da na watan Maris, lokacin da ya janye, na shekaru da dama. Akwai su kyauta a intanet. Daga nan a ɗauki takardar a zauna da sarkin ruwa da tsofaffin masunta, a ce musu: "Baba, nuna mana inda ruwa yake bi a da." Su ne za su faɗa maka mashigar da yashi ya toshe da tabkin da ya daina cika, abin da hoto ba zai nuna ba.

Na biyu, a san waɗanda ake karewa, don bukatunsu ba ɗaya ba ne. Akwai baƙi da ke ƙetaro Sahara daga Turai da Rasha wajen Oktoba su koma wajen Maris, irin ƙananan agwagi da masu dogayen ƙafafu da ke tsince-tsince a taɓo. Waɗannan ruwa marar zurfi suke so, mai janyewa a hankali yana barin laka. Akwai 'yan gida irin kirinjijiya da ɗinya da balbela da zalɓe, waɗanda ke bukatar wurin yin sheƙa. Gauraka tana son ciyayi masu ruwa inda ba a damun ta, ga masu kama ta don kiwo a gidajen manya sun rage ta ƙwarai. Shamuwa kuwa da damina take zuwa, ta sauka a kan bishiyoyin cikin gari. A zaɓi kaɗan daga kowane rukuni a riƙa ƙirga su a wurare tsayayyu, musamman a tsakiyar Janairu, lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya.

Na uku, a rubuta kalandar mutane. Wannan fadama ba daji ba ce da babu kowa. Manomi na shuka shinkafa da zuwan ruwa, idan ya janye ya bi danshi da wake, ga noman rani na alkama da tattasai. Masunci na jiran kifin da ya hayayyafa a cikin ambaliya. Makiyayi na saukowa da rani ta burtali. Mata na yankar kaba suna saƙa. Idan aka jera waɗannan wata-wata kusa da na tsuntsaye, za a ga abin mamaki: kusan kowa abu ɗaya yake jira, wato ruwa ya zo da yawa da damina, ya kuma tafi da rani.

A nan ne mataki na huɗu yake, kuma shi ne mai wuya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya bar ɗabi'arsa. Ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ana sakin ruwa saboda noman rani na Kadawa da kwarin Haɗeja da ruwan shan Kano, sai kogin da ya saba ƙafewa ya zama mai gudu shekara zagaye. Saboda haka tsarin da bai kai teburin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ba, a ganina, takarda ce kawai. Abin da za a nema a wurinsu ƙayyadadde ne: a wane mako za a saki ruwa da damina, nawa za a saki, yaushe za a rage da rani har mashigu su bushe, kuma wa zai sanar da garuruwan ƙasa kafin ruwan ya iso, don kada gyara ya zama ɓarna. Kada a shiga zaman da maganar tsuntsu. A shiga da lissafin buhunan shinkafa da kwandunan kifi da shanu, domin binciken da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka tare don manyan gonakin ban ruwa. Hujjar nan ce kuma ake riƙewa duk lokacin da aka tayar da zancen gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda har yanzu shi ke kawo ambaliya ta asali.

Na biyar, kachalla, doguwar ciyawar nan da ke tsiro a cikin ruwa. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne gidanta. Ta toshe mashigu, ta karkatar da ruwa zuwa mashigar Marma da tabkin Nguru har gonaki suka nutse, wasu sassa kuma suka bushe. A cikinta tsuntsun jan baki ke kwana, ya fito da safe ya afka wa gero da shinkafa, idan aka yi masa feshi da jirgi kuma maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu. Ba a cewa za a share ta duka. A zaɓi mashigun da buɗe su zai kai ruwa wuri mafi yawa, a fara da su. A yanke ta ƙasa da saman ruwa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe. Wanda ya sare ta a sama ko ya cinna mata wuta, ya dawo bayan 'yan makonni ya tarar ta tofo. Aikin gayya na garuruwan da ke kan mashiga ɗaya ya fi daɗewa a kan kwangilar shekara guda, amma dole gari na sama da na ƙasa su yi a lokaci ɗaya.

Sai rabon wurare. Tabkin Nguru da Marma sun shiga jerin Ramsar, wato jerin fadamun da duniya ta amince da muhimmancinsu, a 2000, Baturiya da Dagona a 2008, to waɗannan su ne cibiyoyi da za a tsananta hana harbi da tarko. Tsakaninsu a bar ƙananan tabkuna da kurmin goruba da manyan itatuwan sheƙa, da yarjejeniya a gaban bulama ko dagaci da arɗo: ba a sarar itacen da tsuntsaye ke kai, ba a zuba guba don kama kifi, ba a nome burtali. A rubuta, a karanta a masallaci da kasuwa.

Daga ƙarshe a sa ranar bita sau ɗaya a shekara, bayan ƙidayar Janairu. A ajiye abu uku a gaba: faɗin ruwan Oktoba, yawan tsuntsayen da aka zaɓa, da abin da manoma da masunta suka samu. Masu ƙidaya su kasance matasan garuruwan da ɗaliban jami'o'in Dutse da Gashuwa, kuma kuɗin man babur da kwalekwale ya shiga kasafin jiha tun farko. Aikin kare fadamar da aka fara a 1987 da tallafin ƙungiyoyin waje ya tara bayanai masu daraja, a nemo su a ɗora a kai.