Kurakuran da aka fi yi wajen kwaɓa simintin ƙashi mai magani

A nan Tawa, karayar hatsarin kabu-kabu da ta yi mugunya ba baƙuwa ba ce a ɗakin tiyata. Tun 1970, da likita Buchholz ya fara zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a Jamus cikin simintin ƙashi (haɗin da ake kwaɓawa ya daskare don riƙe gaɓar ƙarfe ko cike gurbi a ƙashi), dabarar ke ceton ƙafafu. Sai dai sau da yawa tun a kwanon kwaɓi muke ɓata aikin.

Babban kuskure shi ne yi wa kowane aiki kwaɓi iri ɗaya. Magani ba ya fitowa daga tsakiyar siminti, ta fuskarsa da ƙananan ramukansa yake tsatsowa. Kwaɓin injin zuƙe iska yana rage ramukan, siminti ya yi ƙarfi. Wannan ya dace da kafa gaɓar ƙarfe, inda giram 1 na magani ko ƙasa da haka a fakitin siminti mai giram 40 ya isa. Amma in 'yan duwatsu ake so, wato ƙananan dunƙulen siminti da ake sakawa cikin raunin, ko abin cike gurbin ƙashin da aka yanke, a kwaɓa da hannu, a ƙara magani, giram 4 ko sama, don sakin magani ake nema, ba ɗaukar nauyin jiki ba. Duwatsun kuma a yi su ƙanana. Dunƙule babba ɗaya riƙe maganinsa yake yi a ciki.

Wasu na zuba maganin ruwa saboda shi ke kusa. Yana raunana siminti sosai. Gari ake so, a murje shi, a gauraya da garin siminti kafin a zuba ruwan haɗin.

Siminti na ɗaukar zafi lokacin daskarewa, don haka sai maganin da ke jure zafi, irin gentamicin, tobramycin da vancomycin. Rifampicin kuwa hana shi daskarewa da kyau yake yi.

Ga kuma zafin garinmu. A watan Afrilu, in wuta ta ɗauke, ɗaki ya ɗumama, kafin ka gama mulmula duwatsu siminti ya sandare a hannunka. A ajiye fakiti a wuri mai sanyi, kuma kada a buɗe sai likita ya ce ya shirya.

Abin da ya fi damuna shi ne barin duwatsu watanni a jikin maras lafiya. Mafi yawan maganin da zai fita yana fita ne a kwanakin farko, daga nan sai ƙwayoyin cuta su samu wurin maƙalewa. A rubuta ranar cirewa a takardar sallama, a faɗa wa mai jinya baki da baki.