Yadda Ake Aika Ɗanyen Abinci da Daskararre a Jirgin Ruwa

Kifin ƙanƙara da ake saya a kasuwannin Kano da Kaduna, irin su titus da kote da shawa, yawancinsa daga ƙasashe kamar Norwe da Holand da Muritaniya ake kawo shi, kuma yakan yi makonni a teku kafin a sauke shi a tashar Apapa ko ta Tin Can da ke Legas. Irin kwantenar da ke ɗauko shi ita ce dai ke kai ayaba Turai daga Duwala ta Kamaru da Abijan ta Kwaddibuwa. Kwantena ce mai na'urar sanyi a jikinta, wadda masu harkar ke kira rifa, kuma wadda aka fi amfani da ita ita ce mai tsawon ƙafa 40, tana ɗaukar kaya sama da tan 25.

Abin da ya kamata mai kaya ya fara sani shi ne, aikin rifa riƙe sanyin da kaya suka shiga da shi. Ba a ƙera ta don daskarar da kaya masu ɗumi ba, kuma wanda ya loda nama ko kifin da bai gama daskarewa ba yana sa ran zai ƙarasa a hanya, to tsakiyar lodin zai fara lalacewa tun jirgin bai bar tasha ba. Saboda haka dole ne a gama daskarar da kayan a ɗakin sanyi har cikinsu ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, ko ma ƙasa da haka. A ranar lodi a soka ma'aunin zafi cikin kwalaye daga wurare dabam-dabam, a rubuta abin da ya nuna, domin sanyin bayan kwali ba ya nuna halin da cikinsa yake.

Ɗanyun kayan gona kuwa sun fi wuyar sha'ani, saboda ko bayan an tsinke su suna da rai, suna numfashi, suna fitar da zafi da tururi. Kowanne da sanyin da yake jurewa, kuma sanyin da ya wuce kima yana ɓata kayan ƙasashe masu zafi kamar yadda zafi ke ɓata su. Ayaba ana tafiya da ita a digiri 13 zuwa 14, idan aka sauka ƙasa da haka fatarta ta dushe, ba za ta nuna da kyau ba. Mangwaro yana son kimanin 10 zuwa 13, abarba 7 zuwa 10, doya kuma kusan 16, domin sanyi mai yawa yana ɓata cikinta. Ɗanyen naman da ba a daskarar ba ana riƙe shi dab da sifiri. Akwai kuma wata iska mai suna etilin da ayaba da mangwaro ke fitarwa idan sun fara nuna, wadda ke sa na kusa da su su nuna da sauri, shi ya sa ake buɗe ƙofar iskar rifa gwargwado idan ɗanyun kaya ne a ciki, a rufe ta ruf idan daskararru ne. A ganina babu hikima a haɗa kaya iri biyu a kwantena ɗaya don rage kuɗin jigila, sai idan sanyin da suke buƙata ɗaya ne kuma warin wani ba zai kama wani ba.

Wajen kama gurbi a kamfanin jirgi, a ba da umarnin sanyi da na iska a rubuce, a fayyace cewa da ma'aunin Salshiyas ake magana, tunda a Amurka da Faranhait ake aiki. A kuma duba alamar ƙasa da sifiri sau biyu a kan takardar, domin idan ta ɓace, digiri 18 na daskarewa ya koma digiri 18 na ɗumin ɗaki. Kamfanin yakan gwada na'urar kafin ya saki kwantenar, amma duk da haka mai kaya ya duba da idonsa cewa cikinta tsaf yake, babu wari, kuma robar bakin ƙofa ba ta yage ba.

Tsarin lodi ya dogara ne da yadda iska ke zagayawa. Sanyin rifa daga ƙasa yake fitowa, ta ramukan da ke daɓenta, ya ratsa ko ya kewaye kayan, ya koma na'urar ta sama. Shi ya sa aka ja jan layi a bangon ciki kusa da rufi, kuma duk kwalin da ya wuce wannan layi ya toshe wa iska hanyar komawa. Daskararrun kaya ana jera su a matse kamar bulo, don sanyi ya kewaye su ta waje. Ɗanyun kaya kuma ana sa su a kwalaye masu huda a sama da ƙasa, a jera hudojin su yi daidai da juna yadda iska za ta bi ta ciki, sannan a rufe duk wani fili da ya rage a daɓen da kwali, in ba haka ba iskar ta bi hanya mai sauƙi ta bar kayan da ke bakin ƙofa cikin zafi. A kashe na'urar muddin ƙofa na buɗe, saboda iska mai laima irin ta Legas idan ta shiga takan zama ƙanƙara ta toshe na'urar. Kafin a rufe, a saka ƙaramar na'ura mai ɗaukar bayanin sanyi a cikin kayan, a rubuta lambar hatimin ƙofa. Tun watan Yulin 2016 dokar jiragen ruwa ta duniya ta wajabta a bayyana tabbataccen nauyin kowace kwantena kafin a ɗora ta a jirgi.

A cikin jirgi rifa tana jone da wuta, ma'aikata kuma suna duba ta. Inda aka fi yin asara shi ne a tudu. Tsakanin Kano da Legas akwai kusan kilomita 1,000, kuma rifar da ke bayan tirela ba ta da wuta sai ta janaretan da aka ɗaura mata. A biya kuɗin man janaretan dabam, a kuma sanar da direba cewa na'urar ɗaukar bayanin sanyi da ke cikin kayan za ta nuna duk sa'ar da aka kashe shi. A tasha ma sai an jona ta da wuta, ana biyan kuɗin hakan kullum, ga kuɗin jinkiri idan kwanakin da aka bayar kyauta don ɗauke kwantenar suka ƙare.

Don haka a kammala takardu tun kaya ba su motsa ba. Mai fitar da kayan gona daga Nijeriya yana buƙatar fom ɗin fitar da kaya mai suna NXP ta hannun bankinsa da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita ƙasa, mai shigo da abinci kuma yana buƙatar fom ɗin shigo da kaya mai suna Fom M da amincewar NAFDAC kafin a zo ga kwastam. Daskararrun kaji suna cikin kayan da aka haramta shigowa da su, komai kyan rifar da ta ɗauko su. Wajen inshora a karanta sharuɗɗa da kyau, domin a yarjejeniyar daskararren abinci da aka saba amfani da ita, ba a biyan diyyar lalacewar na'ura sai ta tsaya sa'o'i 24 a jere.

Idan kwantena ta iso, a fara duba hatimi da abin da na'urar ke nunawa kafin a buɗe ƙofa. Kwalin da ya jiƙe ya sake bushewa, da kifin da ya manne da juna cikin dunƙulen ƙanƙara mai jini, alamu ne cewa kayan sun narke a hanya suka sake daskarewa. Idan an ga haka a dakatar da sauke kaya, a ɗauki hotuna, a kira mai binciken kamfanin inshora, a kuma rubuta wa kamfanin jirgi nan take a nemi bayanin sanyin da na'urar rifar ta adana, domin a ƙa'idojin jigilar teku da aka fi bi, kwana uku kacal ake da su na sanar da ɓarnar da ba ta fito fili ba a lokacin karɓar kaya.