Kartar tarot da oga mai wuyar sha'ani: yadda masu yi ke yi, da abin da za ka iya ɗauka

In kana leƙa TikTok ko Instagram da wuya ace baka taɓa cin karo da irin matan nan na Turai da Amurka ba, suna zaune da wata karta mai manyan hotuna a gabansu, su cakuɗa su zaro ɗaya su fara bayani. Tarot kenan. Kuma cikin abubuwan da ake yawan kawo musu bayan maganar soyayya sai maganar aiki, musamman oga irin wanda in ka gaishe shi laifi in baka gaishe shi ba laifi.

Masu amfani da ita kashi biyu ne, kuma dole mu raba su tun yanzu. Akwai masu cewa kartar tana faɗa musu abin da zai faru da abin da ke zuciyar oga, wannan duba ne kawai, bashi da maraba da bugun ƙasa, Musulmi ya san hukuncinsa, hadisi na nan a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wajen ɗan duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta dare 40, coci ma ta hana mabiyanta. Wannan ƙofar a rufe take. Kashi na biyu su ne waɗanda basu yarda kwali ya san komai ba, hoton kawai suke sawa a gaba ya tsokano musu magana su rubuta abin da ke cin su. Hanyarsu ita zan warware, kuma in zuciyarka bata kwanta da taɓa kartar ba ko kana gudun hotuna, akwai yadda za ka yi ba tare da ita ba, zan zo kansa.

Don ma tsoronta ya fita daga ranka, asalinta wasa ce. A arewacin Italiya ta ɓulla wajajen 1440, a gidajen sarautar Milan da Ferrara, attajirai ke bugawa su ci juna, har gobe a Faransa ana buga ta a matsayin karta. Maganar duba daga baya aka liƙa mata, a 1781 wani Bafaranshe Antoine Court de Gébelin ya ce wai sirrin tsoffin Misirawa ne a ciki, ba tare da wata hujja ba. Wacce aka fi gani yanzu a bidiyo an buga ta a Landan a 1909, wata mata Pamela Colman Smith ce ta zana hotunan. Guda 78 ne, manya 22, sauran 56 sun kasu gida huɗu, sanduna, kofuna, takubba da tsabar kuɗi. Toh kwalin da aka buga a maɗaba'a ina ya san ogan ka?

Abu na farko lokaci. Ba a zama yin wannan da zafin rai, wato an gama yi maka tsawa a mitin gaban yaran da kai ka koya musu aiki ka dawo kana huci ka hau zaro kati, a'a, duk hoton da ka gani a lokacin mugunta za ka karanta a ciki. Bari sai ka koma gida ka yi wanka ka ci abinci, ko ma ka bari sai Asabar. Ka ɗauko littafi da biro, minti 20 ya isa.

Sai tambaya, kuma gaskiya nan ne aikin yake gaba ɗaya. Duk tambayar da amsarta ke cikin kan oga ko a cikin gobe ka jefar da ita. "Zai kore ni?" duba ce. "Yana ƙina ne?" ita ma. Tambaya mai amfani ita ce wacce kai ne kake da amsarta amma kana ta kauce mata, irin su me ainihi yake ɓata min rai, tsawar ce ko yinta a gaban mutane, me nake yi da ke ƙara hura wutar, me zan iya canzawa satin nan ba sai da izinin kowa ba.

Daga nan suna jera kati uku. Na hagu shi ne halin da ake ciki, na tsakiya rabona a cikin matsalar, na dama matakin da zan ɗauka. Dokar da masu hankali cikinsu ke bi ita ce kar ka yi saurin buɗe ɗan littafin fassara da ke zuwa cikin kwalin, fara faɗin abin da idonka ya gani tukuna. Misali ka zaro katin sanduna goma, mutum ne ya rungumo sanduna goma ya duƙa har baya ganin gabansa. Sai ka rubuta, kayan nan da nake ɗauke da su nawa ne aikina na gaskiya, nawa ne oga ya ɗora min don ya ga bana cewa a'a? Ka lissafo su ɗaya bayan ɗaya. Wani sai a nan zai lura aikin mutum biyu yake yi da albashin mutum ɗaya kuma bai taɓa buɗe baki ya ce ranka ya daɗe wanne zan fara gabatarwa ba.

Katin takubba takwas ya fi kowanne dacewa da wannan maganar a ganina. Mace ce an rufe mata ido an ɗaure mata jiki, takubba a kafe kewaye da ita, amma in ka duba da kyau ƙafafunta a sake suke kuma gabanta a buɗe yake. Ba wai katin na ce maka kai ne da laifi ba, wani ogan azzalumi ne ƙwarai kuma ba kowa ke da inda zai koma ba, ga haya ga kuɗin makaranta. Tambayar kawai ita ce, cikin hanyoyin da na ce a toshe suke wacce na taɓa gwadawa? Na nemi a canza min sashe? Na yi magana da 'yan ƙungiyar ƙwadago? Yaushe rabon da na gyara takardun neman aikina? In amsar duka a'a ce, ka samu abin rubutawa.

Akwai katin sarki, dattijo mai farin gemu a kan karagar dutse, sulke na leƙowa ta ƙarƙashin rigarsa. Da yawa in sun gan shi sai su ce ga oga nan. Toh madalla, sai ka tambayi kanka shi sulken na meye, wa yake tsoro, wa ke matsa masa daga sama? Ba don ka yafe masa rashin mutunci ba, don ka gane lokacin da ya fi zafi, wataƙila ƙarshen wata ne in za a kai rahoto, kaga sai ka daina kai masa buƙatarka a ranakun.

In katin hasumiyar da tsawa ta faɗa wa ya fito, ko katin mutuwa mai lamba 13, kar gabanka ya faɗi, cikin 78 dole wata rana su fito.

Ga abin da yasa mutane ke rantsuwa wai katin ya faɗi daidai. A 1948 wani malamin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takarda ya ce bayanin halin kowa ne shi kaɗai, suka ba ta maki sama da 4 cikin 5, alhali rubutu iri ɗaya sak ya ba kowa. Magana mai faɗi kowa na ganin kansa a ciki. Shi yasa duk mai shigo maka saƙo ya ce turo kuɗi da sunan ogan ka in duba maka, toshe shi kawai, kuma kar ka ba kowa sirrin ofis ɗinku.

Wanda baya son kartar, yanka takarda ƙanana kamar 12, kowacce ka rubuta kalma ɗaya, nauyi, tsoro, shiru, girman kai, haƙƙi, tafiya, abokin aiki, da sauransu, ka ninke ka zuba a kwano ka zaro uku. Aiki ɗaya suke yi, su jefo maka abin da ba kai ka zaɓa ba don kar ka yi ta zagaye ƙorafi ɗaya. Kuma kar ka bari zaɓin takardar ya zama shi ke yanke maka hukunci, in ta kai ga shawarar ajiye aiki akwai istihara akwai manyanka da za ka tuntuɓa.

Kafin ka rufe littafin fitar da mataki guda ɗaya ƙarami mai rana. Misali daga Litinin duk umarnin da ya bani da baki zan tura masa gajeren imel ko saƙon WhatsApp in ce yallaɓai kamar yadda ka ce zan yi kaza zuwa ranar kaza, wannan kaɗai yana kashe rabin rigimar "ni ban ce haka ba". Sau ɗaya a sati ya isa, in ka ga kullum sai ka zara kafin ka iya fita aiki, ko kana maimaitawa har sai wanda kake so ya fito, ajiye su, abin ya fara komawa wancan kashin na farko. Kuma kar ka kai su ofis, a ga irin hotunan nan a teburinka ai kafin azahar labari ya zaga cewa asiri kake wa oga.

In kuwa abin ya wuce faɗa ya kai zagi, riƙe albashi, barazana, ko neman mace da lalata, wannan ba na kati bane ba na takarda a kwano ba. Buɗe wani shafi daban ka riƙa rubuta kwanan wata, abin da aka faɗa da waɗanda ke wajen, ka adana saƙonni a wayarka ba a kwamfutar ofis ba, sannan ka kai wa sashen kula da ma'aikata ko ƙungiyarku ko lauya.