Yadda za ka haɗa filashin koyarwa da ba ya buƙatar intanet

Malam, in za ka je bita a Dukku ko Kaltungo, kada ka dogara da sabis ko manhajojin da ke kan kwamfutocin da za ka tarar. Haɗa filashinka tun kana cikin Gombe.

Nemi filashi mai gigabayit 32, irin USB 3.0. Guji na bogi, kan ka ankara sun mutu. Sauke Linux Mint, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wanda zai iya tashi kai tsaye daga filashi, da manhajar Rufus, wadda za ta ɗora shi a kan filashin.

Buɗe Rufus, zaɓi filashin, sannan fayil ɗin Mint. A nan ake yawan yin kuskure. Akwai ma'aunin wurin adana bayanai (Persistent partition size), ja shi zuwa gigabayit 16 ko fiye. In ka bar shi a sifili, duk abin da ka zuba zai ɓace da zarar an kashe kwamfuta. Rufus zai goge komai na cikin filashin, don haka kwashe kayanka tukuna.

Da ya gama, sake kunna kwamfutar kana danna F12 in Dell ce, F9 in HP ce, ka zaɓi filashin.

Da Mint ya buɗe, tun kana da data, saka Kiwix, manhajar karanta shafukan intanet ba tare da data ba, ka sauke Wikipedia ta Hausa a cikinta. Ƙara GCompris, manhajar wasannin koyar da yara, don malaman firamare. LibreOffice kuwa, wato manhajar rubutu da lissafi irin Microsoft Office, yana cikin Mint tun asali.

Kashe intanet, sake tayar da kwamfutar daga filashin, ka tabbatar komai na buɗewa. Gwada a wata tsohuwar kwamfuta ma, domin irinsu za ka fi samu a makarantu.