Darasi na 9: Littafin da Za Ka Riƙe Zuwa Wurin Likita

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana zaune a shagonsa a Kantin Kwari yana ciniki, ba ciwon kai ba jiri, alhali cutar tana can tana cin zuciya da ƙoda a hankali. Awo kaɗai ke tona ta. Na'urar tana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. 120/80 lafiya lau. In awo ya kai 140/90 ko ya haura a ranaku daban-daban, hawan jini ne.

Nemi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. A shafin farko ka riƙa rubuta kwanan wata da lambar awo. Kafin a auna ka, zauna ka huta minti 5, kuma kada ka zo da goro a baki.

Shafi na biyu na tambayoyi ne, domin magungunan kowanne da halinsa. Duba sunan da ke jikin kwalin. Amlodipine yakan kumbura wa wasu ƙafa. Lisinopril yakan kawo busasshen tari, mai juna biyu kuwa ba ta shan sa sam. Akwai mai sa yawan fitsari, wanda direban A Daidaita Sahu ya kamata ya sani tun kafin ya karɓa. Likita ya san magani, amma kai ka san sana'arka da aljihunka, don haka tare za ku zaɓa.

"Likita, ƙwayar nan ta hana ni barci da tari. Ko akwai wata?"

"Akwai, Baba. Gara da ka faɗa, ba ka ajiye ta ka yi shiru ba."

Ajiyewar nan ita ta fi damuna. Awo ya sauka, sai a ce an warke, alhali maganin ne ya danne shi. Daga nan shanyewar ɓarin jiki kan shigo. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Uwargida, gishirin mutum ɗaya a yini kada ya kai ƙaramin cokalin shayi, gram 5, har da wanda ke cikin dunƙule.

Aiki: Rubuta waɗannan da hannunka. Nawa ne kuɗin maganin wata guda? Da azumi, yaushe zan sha? Yaushe zan dawo awo? Ƙara ta huɗu taka, ka karanta wa na kusa da kai.