Yadda na gyara shingen da bareyi suka cinye

A hunturun bara bareyi suka shigo bayan gidanmu a jihar Ohio ta Amurka, suka yi wa shingen itatuwan Emerald Green (wani irin itace da ake dasawa a yi shinge) aski har inda bakinsu ya kai. Ƙasa tsirara, sama ganye, abin ba kyan gani. Na fesa maganin korarsu, ruwan sama ya wanke shi.

Da bazara na tumɓuke itatuwan, na dasa wani irin da ake kira Green Giant. Haɗin Thuja plicata ne, itacen yammacin Amurka, da wani ɗan'uwansa na Japan, kuma bareyi ba su cika cin sa ba. Na bar ƙafa shida tsakanin kowane biyu, saboda yana buɗewa sosai. Ramin bai wuce zurfin tukunyarsa ba, ruwa sau biyu a mako. Ƙananan dai na kewaye su da raga, don ban yarda da bareyin nan ba.