Sanwic da Panini na Cin Dare: Inda Ake Kuskurewa da Yadda Za a Gyara

Ranar da ƙanwata ta sayo tosta, ana idar da sallar Isha'i sai ga kiranta. "Yaya, ina jin jabu aka sayar mini. Bayan burodin ya yi baƙi ƙirin, cikin kuma sanyi ƙalau, ƙasan ya caɓe." Na tambaye ta me ta zuba. Ta lissafo: tumatir, kokwamba, latas, kifin gwangwani da mansa, ragowar kaza daga firij, sai bama cokali biyu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, injinta lafiyarsa lau. Ruwa da wuta ne suka haɗu suka ɓata mata abinci, kuma kusan duk sanwic ɗin da ya lalace, in kin bi sawu, ɗayan biyun nan za ki tarar.

Mu fara da ruwan, don shi ya fi yin ɓarna kuma ba a ganinsa. Tumatir da kokwamba, fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsu ruwa ne. Da zarar gishiri ko zafi ya taɓa su sai su fara zubar da shi, burodi kuwa soso ne, duk abin da ya samu shanyewa yake. Gyaran ba wuya: yanka tumatir fale-fale, cire 'ya'yan da ruwan cikin, barbaɗa ɗan gishiri, jera a kan tsumma mai tsabta ko tishu kamar minti 10, sannan ki goge. Cikin mintocin nan kin soya ƙwai kin yanka albasa, ba wani lokacin da kika ɓata. Latas da kabeji dole a wanke su sosai, amma mutane da yawa daga roba suke kwasowa zuwa kan burodi suna ɗigar ruwa. A tsane su a kwando, a goge. Kifin gwangwani kuma a tsiyaye mansa tukuna. Kada ki zubar, ki soya albasarki da shi.

Sai tsarin jerawa. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, saboda haka abu mai maiƙo ne ya kamata ya taɓa burodi: bota, bama ko cuku, a shafa siriri har gefe-gefe, ba a tara a tsakiya ba. Shi ne katangar. Nama ko ƙwai ya biyo baya, tumatir ya zauna can tsakiya inda ba zai ga burodi ba. Latas da kokwamba kuwa ba su da abin yi a cikin sanwic ɗin da za a gasa. Zafi na taɓa latas zai yi laƙwas ya koma kamar ganyen miya. In kina son su, ki gasa tukuna, ki ɗaga burodin ki tura su ciki, ko ki ajiye su a gefen faranti.

Burodin kansa yana da nasa laifin. Irin wanda muka saba saya a Kano ko Kaduna mai laushi ne, ga sukari. Yana da daɗi da shayi, amma a kan wuta sukarin nan ne ke sa shi saurin ƙonewa, laushin kuma ke sa shi lafewa kamar takarda in an danna. Kalmar panini, sunan sanwic ɗin da ake gasawa a danne, daga Italiyanci take, jam'in panino ce, wato ƙaramin burodi, kuma can burodi mai ɓawo da ƙarfin jiki suke amfani da shi, irin su ciabatta. Shi ciabatta ɗin ba ma daɗaɗɗe ba ne, a 1982 wani mai suna Arnaldo Cavallari ya ƙirƙiro shi a garin Adria na Italiya, sunan kuma silifa yake nufi, saboda fasalinsa. Mutanen Maraɗi, Damagaram da Yamai sun huta a nan, don dogon burodin nan na Faransawa da ke ko'ina a Nijar yana jure danna sosai: a tsaga shi ta tsawo, a ɗan rage tsokar cikin in ta yi yawa. Mu masu burodi mai laushi, dabararmu biyu ce. A sayi wanda ba a yanka ba, a yanka da kauri kamar faɗin ɗan yatsa. Sannan a yi amfani da na jiya. Burodin da ya kwana ya rage danshi, yana gasuwa ƙamas-ƙamas, ya fi sabon fitowa daga gidan burodi nesa ba kusa ba.

Yanzu wuta. Mai sauri gani take in ta ƙure wutar za ta gama da wuri. Abin da ke faruwa shi ne bayan ya ƙone cikin minti ɗaya, zafin bai kai ciki ba. Wuta matsakaiciya ake so, ko ma ƙasa da haka in burodin mai zaƙi ne, minti 3 zuwa 4 kowane gefe. A kan gawayi, a bari garwashin ya lafa, kamar yadda mai gasa masara ke yi. Ga kuma kuskuren da ke kishiyar wannan: ɗora sanwic a kan kasko ko tosta mai sanyi. Burodin zai yi ta shan mai yana jira, ya fito jage-jage. A fara ɗumama kaskon. Tosta kuma a jira fitilarta ta nuna ta yi zafi.

Man da za a sa, a jikin burodi ake shafa shi ta waje, ba a malala a kasko ba. Bota mai sanyi daga firij yaga burodi take, a fito da ita da wuri ta yi laushi. Ni dai na fi son shafa bama siriri ta waje. Mai da ƙwai ne a cikinta, tana shafuwa ba gardama, tana ba da launin ruwan zuma, kuma ba ta saurin ƙonewa kamar bota. Wasu na jin abin banbaraƙwai, amma bayan gashi ba a jin ɗanɗanonta.

Akwai masu cewa ba su da inji shi ya sa ba sa yin panini. Injin nan abu biyu kawai yake yi, zafi da danna. Da kasko mai kauri da tukunya an gama. Ɗora sanwic a kasko, aza tukunya mai tsabtar gindi a kai, zuba mata ruwa kofi biyu ko uku don nauyi, in lokaci ya yi ki juya ki sake azawa. Abin da za ki rasa kawai zanen layi-layin nan ne, shi kuwa ba a cin sa. Ga wanda wutar lantarki ke yi wa wasan ɓuya ma kaskon ya fi, domin tosta na jan wuta sosai, ƙaramin janareto kuka yake in an jona ta. Sai dai a kula, danna ba murƙushewa ba ne. In kin ga abin ciki yana tsartowa ta gefe, nauyin ya yi yawa, ko kuma kin cika kaya.

Cika kaya cuta ce ta masu kirki, masu son iyali su ƙoshi. Amma sanwic ɗin da ya fi ƙarfin baki ba ya gasuwa, ba ya riƙuwa, rabinsa a cinya yake ƙarewa. Abu ɗaya babba, nama ko kifi ko ƙwai, da abu biyu masu rakiya, sun isa. A bar ɗan fili a gefe. Wanda bai ƙoshi ba a yi masa na biyu. Asalin abin ma don sauƙin ci da hannu ɗaya ne: sunan ya samo daga John Montagu, basaraken Ingila na ƙarni na 18 mai sarautar Sandwich, wanda ake ba da labarin yakan sa a kawo masa nama tsakanin burodi biyu don kada ya tashi daga teburinsa.

Nama yana buƙatar magana ta musamman. Mintocin gashin sanwic ba za su dafa ɗanyen nama ba, duk abin da zai shiga ciki sai ya riga ya dahu. Ragowar kaza, tsire, balangu, dambun nama, duk suna yi, dambu ma ya fi kowa biyayya don ba ya zamewa. Amma kada a ɗauko daga firij a cusa kai tsaye, shi ne sanyin cikin da ƙanwata ta yi kuka da shi. A ɗumama a kasko har ya yi zafi sosai, a yayyanka ƙanana, don in yankan ya yi girma cizo ɗaya zai janyo shi duka waje. Tsire kuma ya zo da yajinsa da gishirinsa, kifin gwangwani ma haka, sai a ɗanɗana kafin a ƙara magi. Ƙwai, a koya daga mai shayi: ya kaɗa da albasa da attaruhu, ya soya shi da faɗi, ya naɗe daidai girman burodin. Ƙwan da aka dagargaza warwatsewa yake.

Cuku ma ba duka ke narkewa ba. Mozzarella da cheddar suna narkewa, kuma sun fi saurin yi in an goga su maimakon a sa gunduwa-gunduwa. A raba biyu, kaɗan a ƙasa kaɗan a sama, ya zama shi ne gam ɗin da ke riƙe komai. Wara ta Fulani, wadda ake daskarar da madararta da ruwan tumfafiya, ba ta narkewa ko za ki kwana kina jira. Haka awarar waken suya. Ba laifi ba ne, sai dai a ɗauke su a matsayin nama: a yanka, a soya, a barbaɗa yaji, sannan a sa.

An sauke, saura kuskuren da ke ɓata aikin da aka riga aka gama. Sanwic mai zafi in aka kife shi a faranti, ko aka rufe shi a kula don maigida bai dawo ba, tururinsa ne zai koma masa, ƙamas-ƙamas ɗin duk ya tafi. A ɗora shi a kan raga ko a jingina shi a tsaye minti ɗaya ko biyu, sannan a yanka da wuƙa mai haƙora, ana ja kamar zarto ba a dannawa. In akwai wanda zai makara, a haɗa masa nasa ba tare da tumatir ba, a sa a firij, in ya shigo a gasa. Mai ƙwai, kaza, kifi ko bama kada ya wuce awa 2 a waje, a zafin bazara irin na watan Afrilu kuwa awa 1 ce iyakarsa.

Ita kuma tostar, a zare ta daga soket, a bari ta huce ta koma ɗumi-ɗumi, a goge da tsumma mai danshi. Cukun da ya manne a ɗora masa jiƙaƙƙen tishu a rufe na ɗan lokaci, zai saki da kansa. Ƙanwata da wuƙa ta kankare tata a daren farko, har yau a daidai wurin nan burodinta ke mannewa.